Kira Ba Sallama

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin Talatar da ta wuce, a shagona da ke unguwar Ka'akiyya a nan Makka, inda nake gyaran kamanja, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Mu uku ne a ciki: ni, da Faisal jikan marigayi aminina, da abokinsa Muhannad mai kaɗa wani abu kamar gurmi da suke kira banjo. Faisal ya ɗora wayarsa a kan teburin aiki, tsakanin kwalbar gam da ƙullin izga, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, ji abin da muka haɗa. Yau sai ka yaba mini."

Na saurara. Banjo ne ya fara da gudu, irin kiɗan ƙauyen Amurka da suke ce wa bulugiras. Sai kamanjar Faisal ta shigo da hannun makaranta, tsaf, ba tangarɗa. Sai ta karkace ta koma jaz. Da aka yi kamar minti biyu sai ta sauko ƙasa, ta ja murya uku a hankali, ta tsaya, ta sake jan su. Na miƙa hannu na kife wayar.

"A ina ka samo wannan?"

"A hannunka mana. Ran da ka gyara mini ita, kana gwadawa, na ɗauka ba ka sani ba." Yana dariya.

"Wa ka tura wa?"

"Kowa, ya ammi. Ai don a ji aka yi shi."

In faɗi abin da ke gabana tun yanzu. Akwai wata dattijuwa a unguwar Utaibiyya da bai kamata kunnenta ya ji waɗannan muryoyi uku ba. Nan da mako uku za a yi bikin jikarta, kuma a yanzu matan da ke saka kiɗa a ɗakin mata daga waya suke ɗebo abin da ke yawo. Ba zan faɗi sunanta ba. Zan faɗi yadda aka yi bi da bi, don ku samari da kuke ganin haɗa kiɗa da kiɗa kamar haɗa shayi da madara ne.

Mahaifina mai goge ne a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka har zangon ya zama gari. Kiɗa iri uku ne a hannunsa. Na farko na biki, kowa na iya ji. Na biyu take, wanda kowane gida ke da nasa, ba a yi wa wani na wani. Na uku shi ne na masu bori, wanda sai an rufe ƙofar gida ake yi. Ya koya mini duka ukun ina da shekara goma sha biyu. A kan na ukun ya kama kunnena ya ce, "Kowanne rabi biyu ne, kira da sallama. In ka kira, ba ka da ikon tashi sai ka sallama." Daga baya ya tuba ya bar shi. Da za mu shiga jirgin ruwa mu tsallako Makka ya cire tsirkiyar gogensa, ya ba wata maƙwabciya ƙwaryar ta riƙa zuba gishiri. Har ya rasu a Makka bai sake taɓa izga ba.

Kamanja a wajen Usta Abdalla na koya, wani Basudane mai ɗinki da rana. Wata shida na farko bai bar ni na ja ko murya ɗaya ba. Aikina shafa ƙaro a izga, da goge ƙurar ƙaron daga jikin katako kafin ta kama, da duba jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa. Larabawa suna ce masa doki, mu muna ce masa jaki, Usta kuwa yakan ce ko ma mene ne in ya karkace ya kayar da kai. Bayan nan na koyi saitin tsirkiya. Bayan nan riƙon izga. Sai a shekara ta biyu ya bar ni na bi shi a baya, ina jan murya ɗaya tilo yayin da shi yake yawo. Na koyi cewa zafin garin nan yana narkar da gam, don haka ba a barin kamanja a mota ko na tsawon sallah ɗaya. Na koyi cewa a ciki akwai wani ɗan sanda a tsaye, wanda in ya goce da faɗin ƙwayar shinkafa muryar ta mutu.

A wancan zamanin ba a ratsa unguwa da akwatin kamanja a hannu. A cikin murfin keken ɗinki muke saka ta, mu lulluɓe da yadi. Idan wani ya tare mu sai Usta ya ce, "Gyara za mu kai." Lokacin aikin Hajji ba biki, sai in tafi Muzdalifa ɗaukar kaya da sayar da shayi a bakin motocin alhazai. Nakan dawo yatsuna sun kumbura, sai na yi mako biyu ina tsoma su a ruwan ɗumi kafin su sake gane wurinsu a tsirkiya.

Kada wani ya ce ni maƙiyin haɗi ne. Da haɗi na ci abinci. Mutanen Hijaz suna son muryar nan da ke tsakanin murya da murya, wadda in ka ɗaga yatsa kaɗan ka ɓata. Sudanawa suna son murya biyar, mai lanƙwasa. Tsofaffinmu Hausawa kuwa goge suke nema, goge kuma babu. A biki ɗaya sai ka tarar da duka ukun, don an yi auratayya. Ni na gano yadda ake sa kamanja ta yi maganar goge: a sassauta izga, a taɓa tsirkiya da cikin yatsa ba tare da an danne ta har katako ba, a maƙala ƙaramin abin shanyar tufafi a kan jaki don muryar ta shaƙe. In na yi haka sai ka ji wata tsohuwa daga bayan labule ta rangaɗa guɗa. Daga nan in zame in koma na Hijaz kafin mazajensu su gaji. Har wata rana Usta ya kira ni da sunan da ake kiran mutanenmu a nan, ya ce, "Kai, Tukururu, ka fi ni wayo." Wannan maganar ce ta shiga kaina fiye da kima.

Wani wunin suna ne a Utaibiyya, bayan la'asar, a bene na biyu na wani tsohon gida. Usta ba shi da lafiya, ni kaɗai na je tare da mai ganga. An ajiye mu a wani ɗan lungu, an ja labule mai kauri tsakaninmu da mata. Haka muke aiki, ba ka ganin kowa. Da kunne kake sanin ɗaki: tafi, da guɗa, da ƙarar awarwaro, da yadda ƙasa ke amsa ƙafa. Na yi na biki, na yi na Sudan, na yi na Hijaz, na koma farko. Mata ba su gaji ba, ni kuwa abin da ke hannuna ya ƙare. Sai na tuna na ukun mahaifina. Na ce a raina, kansa kawai zan ɗauko, murya uku, in sa masa rigar Hijaz, in lanƙwasa ta tsakiya. Wa zai gane shi a nan, bayan teku, a kan kamanja?

Na ja sau ɗaya. Na ja sau biyu. A na uku tafi ya ɗauke daga gefen dama, sannan daga hagu. Sai na ji abu mai nauyi ya faɗi, na ji kai ya bugu da daɓe. Sai wata murya ta fito, ba ta mace ba, ba ta namiji ba, daga can cikin ƙirji, tana bin muryoyina uku ɗaya bayan ɗaya. Mai ganga ya ajiye gangarsa ya sauka, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Ni ma na ɗaga izga.

Labule ya motsa, wata tsohuwa ta matso da bakinta jikinsa. Hannunta kawai na gani, da zoben azurfa.

"Kai ɗan wa?"

Na faɗi sunan mahaifina.

"To ka san abin da ka yi. Wa ya ce ka tsaya?"

"Inna, ban yi da niyya ba."

"Ban tambaye ka niyya ba, ɗan banza. Ka kira, sai ka sallama. Ka iya ko ba ka iya ba?"

A lokacin nan maigidan ya riga ya hau bene, shi da ƙanensa, suna tsaye a kaina. Ga zaɓin da ke gabana, kuma ku samari ku lura da shi. In na ce ban iya ba, na fita da cewa kuskure ne, ita kuma ta ci gaba da buga kai da ƙasa. In na kaɗa sallama, na shaida a gaban maza biyu cewa na san abin da nake kaɗawa. Na ɗora kamanja a wuya na kaɗa. Juyi bakwai ne, kowanne yana ƙasa da wanda ya gabace shi. A na shida muryar ta yi laushi. A na bakwai na ji atishawa, sau uku, sannan kukan mace irin na kowa.

Maigidan ya ce, "Tattara kayanka."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kafin sati ya zagayo maganar ta kai Ka'akiyya, kuma ba kiɗa ake cewa ba, sihiri ake cewa. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san nauyin wannan kalma a kan baƙo mai zama da takarda. Wanda ya tsaya mini a kan iƙamata, wato takardar zaman, ya aiko a gaya mini ya fara tunani. Usta ya ce kada in sake zuwa shagonsa da rana, kada kuma in zo da yamma. A masallaci mutumin da ke gefena yakan bar tazara tsakanin ƙafarsa da tawa. Wata safiya wasu mutum biyu da ban sani ba suka zo suka tambayi mai kantin unguwarmu wane ne mai kamanja, wace ƙofa ce tasa. Bai nuna ba, Allah ya jiƙansa. A ranar na kwance tsirkiyoyi, na cire jaki, na jiƙa wuyan da ruwan zafi har ya saki. Na raba ta gida uku. Wata goma sha ɗaya duk motar da ta tsaya a ƙofa sai na ajiye loma. Na koma dako a kasuwar kayan miya.

Abin da ya same ni kaɗan ne a kan nata. Matar aure ce mai 'ya'ya biyu, a gidan mutanen kirki haifaffun nan, waɗanda suka yi nisa da irin wannan tun zamanin kakanni. Ba su san uwarta ta taso a cikin masu bori a Sudan ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Aka kai ta wajen masu ruƙiyya, aka mayar da ita gidan wanta, aka raba ta da yaran kusan shekara. Da ƙyar dattawa suka sa baki ta koma, bisa sharaɗin ba za a sake tayar da maganar ba. Ba a sake ba. Mijin ya rasu, tsohuwar mai zoben azurfa ta rasu. 'Ya'yanta maza ba su sani ba, balle jikoki, balle surukan da za su cika ɗakin nan da mako uku. A yau ita ce ake kira a sa albarka in an yi haihuwa a layinsu.

Ni kuwa na koma sana'ar ta ƙofar baya. Na haɗa kamanjata, na daina zuwa biki, na zama mai gyara. Da zamani ya juya aka buɗe makarantun kiɗa, samari suka fara ratsa titi da akwati a kafaɗa ba mai kallonsu, sai aiki ya yi mini yawa. Faisal ya kawo tasa watan jiya, ɗan sandan ciki ya faɗi. Na tayar da shi, na saita, na ɗora a wuya don in ji muryar ƙasa. Ban san abin da hannuna ya ja ba. Shekara talatin da ɗoriya ina tsare da shi, ya fita a cikin numfashi biyu, ina tunanin wani abu dabam. Laifin farko nawa ne, na rubuta shi a nan don kada a ɗora wa yaron duka.

Da na gama ba su wannan labari ranar Talata, ba tare da suna ba, Muhannad ya sunkuyar da kai. Hausarsa ba ta da yawa, amma ya gane. Faisal kuwa ya gyara zama.

"Ya ammi, da girmanka. Wannan ai camfi ne. Murya uku ce fa. Sol, si, la. Suna cikin kowane littafi."

"Suna ciki."

"Kuma kai da kanka, ran da na nuna maka tsohon Ba'amurken nan mai kamanja a waya, ka ce saitin tsirkiyarsa irin na Usta ne sak. Ka ce murya biyar ɗinsu irin tamu ce. Duk kiɗan duniya ɗan uwan juna ne."

"Na faɗa, kuma gaskiya ne. Shi ya sa ya zauna a cikin naku kamar don shi aka yi wurin. Ɗana, tsohon nan ya san na wane ne kiɗan da yake kaɗawa. Kai ka tambayi na wane ne wannan?"

"To aljani ne zai fito daga waya?"

"Ban ce aljani ba. Sahu ɗaya muke sallah da kai. Ko ciwo ne, ko abin da ta ji tana goye a bayan uwarta ne ya zauna mata, ban sani ba, ka tambayi likita. Ni abin da na sani ƙarar kanta a kan daɓe. Lokacin tana da ƙuruciya. Yanzu da sanda take tafiya."

Faisal ba mugun yaro ba ne, kuma hannunsa ya fi nawa a shekarunsa. Ya ɗauki wayar ya sake saurara, a hankali, sai ya ce, "Sau nawa muka maimaita shi, Muhannad?"

"Takwas."

Kira takwas, ba sallama ko ɗaya. Ba su san akwai ta ba.

"Halas, shi ke nan," in ji Faisal. "Abu mai sauƙi. Koya mini rabin na biyu, mu ƙara a ƙarshe, mu sake turawa. Kowa ya huta."

Na ce masa wannan ba magani ba ne, don kafin a kai ƙarshe ta riga ta faɗi a gaban mutane. Amma na ga amfanin a ce akwai mai ita a hannu ko da abin ya faru. Na rufe ƙofar shago, na ɗauko kamanjata, na maƙala abin shanya a jaki. Juyi na farko ya zo. Na biyu ya zo, na uku ya zo. A na huɗu yatsana ya tsaya a sama. Na koma farko. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Na gwada Laraba bayan azahar, na gwada Alhamis, na gwada da saitin Usta, na gwada a kan tsirkiya ɗaya kamar goge. Uku nake da su cikin bakwai. Kiran ya zauna a hannuna ba tare da na so ba, sallamar kuwa ta tafi. Na zauna na lissafa waɗanda za su iya sani a garin nan, na tarar duk na raka su maƙabarta.

Ga tsarin da Usta bai koya mini ba, na koya da kaina a makare. Kafin ka ɗauki kiɗan wasu ka zuba a naka, fara sanin na wane ne. Sannan ka san a ina ake yin sa, da wa ake rufe wa ƙofa. Sannan ka san ƙarshensa, ka iya shi kamar yadda ka iya farkonsa. In ɗaya ya ɓace maka a cikin ukun nan, bar shi inda ka same shi, ko da ya fi kowane daɗi. Ku haɗa na makaranta da jaz, ku haɗa na Hijaz da na Amurka, ni zan gyara muku jaki in kun karya. Wannan guda ɗaya ne nake magana a kansa.

Faisal ya share nasa daga waya a gabana, Muhannad ma haka, sun kuma bi waɗanda suka tura wa. Amma abin ya riga ya wuce hannu uku ko huɗu, ba su san iyakarsa ba. Na yi tunanin in aika wa gidan bikin kai tsaye, sai na ga duk wanda na ce wa kada a saka kiɗa kaza a bikin wance, na riga na nuna masa ita da yatsa. Shi ya sa na rubuta wa kowa, na ba 'yata ta buga, a tura duk inda Hausawan Makka ke karatu. Wanda Hausarsa ta yi rauni a karanta masa.

Kai mai karatu, buɗe wayarka yau, ba gobe ba. Nemi kiɗan da ya fara da banjo, kamanja ta biyo, wanda wajen minti biyu yake saukowa ya ja murya uku a hankali. In ka same shi, kada ka kunna don ka tabbatar alhali akwai tsohuwa a gidan. Share shi, ka gaya wa wanda ya turo maka ya share. In kina saka kiɗa a ɗakin mata, ko kin san mai sakawa, ki gaya mata kada ya shiga kowane biki daga Utaibiyya har Ka'akiyya, kowane biki, ba ɗaya ba. Kuma ina roƙonku da girman Allah, kada ku zauna kuna lissafin wace dattijuwa ce ke aurar da jika a watan nan. Ku share, ku bar ta ta zauna a kujerarta a sumbaci goshinta har a tashi.